KATI KO WASIƘA? SHAWARA GA MASU ƘANANAN SANA'O'I NA MAGARYA DA DUNGAS

Gundumar Magarya da ta Dungas ƙasar noma ce da kiwo. Ƙasar ciniki ce kuma. Da can gunduma ɗaya ce, a 2011 aka ware Dungas. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Magarya sun fi 570,000, na Dungas sun fi 350,000. Daga Sassumburum har Malawa, da wuya a sami gidan da ba a sayar da wani abu: hatsi, wake, gyaɗa, riɗi, rake, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, harawa, ko ragon layya.

Amma samun kaya daban, samun mai saye daban. Ƙungiyar mata tana iya cika jarkoki da mai a Bande, ɗan sari yana Damagaram bai sani ba. Makiyayi yana iya kiwata raguna goma a Dogo-Dogo, mai bukata ya wuce ya saya wani wuri. Saƙon baki kuwa yana sake kama a hanya. An ce jika goma, kafin ya isa ya koma jika takwas. An ce Litinin, ɗan aike ya ce Laraba.

Wanda ya koyi rubutu ya sami ɗan aiken da ba ya mantuwa, ba ya ƙari, ba ya ragi. Ɗan aiken nan shi ne takarda. Sai dai takardar talla iri biyu ce: akwai kati, akwai wasiƙa. Kowace da aikinta. Wanda ya aika da wannan inda ya kamata ya aika da waccan yana iya asarar kuɗi. Yana iya asarar abokin ciniki ma.

MENE NE BAMBANCINSU?

Wasiƙa kowa ya san ta. Ana rubutawa, a naɗe, a sa cikin ambulan, a liƙe. Ba mai ganin abin da ke ciki sai wanda ya yage ambulan.

Kati kuwa ƴar takarda ce mai kauri, girmanta kamar tafin hannun babba. Ba ta da ambulan. Sunan wanda aka aika wa yana gefe ɗaya, magana tana ɗaya gefen. Duk wanda ya riƙe ta yana iya karantawa.

A ƙasar Ostiriya aka fara sayar da kati a gidan waya, ranar 1 ga Oktoba 1869. Wani malami mai suna Emanuel Herrmann ne ya ba da shawarar. Ya ce saƙonni da yawa gajeru ne, ba su bukatar ambulan. Kuɗin aika kati bai kai rabin kuɗin wasiƙa ba. Kafin shekarar ta ƙare an sayar da fiye da miliyan 2. Amma tun 1865 wani babban ma'aikacin gidan waya na Jamus, Heinrich von Stephan, ya kawo irin wannan shawara, aka ƙi karɓa. Cikin abin da ya dami mutane har da wannan: yaya za a aika da magana a buɗe, kowa yana gani? Ashe tun farko an san amfanin kati, an san aibinsa. Yana da araha, amma ba ya riƙe asiri.

MANOMA AKA FARA NEMA

Ciniki ta hanyar takarda ya daɗe da sanin ƙauye. A 1872 wani ɗan kasuwa na birnin Shikago a Amurka, Aaron Montgomery Ward, ya ga manoma suna nesa da birni, suna sayen kaya da tsada a kantunan ƙauye. Sai ya buga takarda ɗaya tak, ya jera kaya 163, kowane da kuɗinsa, ya aika musu. Manomi ya zaɓa, ya aiko da kuɗi, a aika masa da kaya. Daga wannan ƴar takarda kamfani babba ya tashi. Daga 1896 kuma ma'aikatan gidan waya na Amurka suka fara kai wa manoma takardu har gonakinsu.

A nan ba haka abin yake ba. Saboda haka kafin mai sana'a ya zaɓa, sai ya duba hanyar da takardarsa za ta bi.

HANYAR TAKARDA A ƘASAR NAN

Gidan waya, wanda tsofaffi suka sani da sunan PTT, yanzu Niger Poste ake ce masa. A manyan garuruwa yake. Ba ya bin ƙauyuka gida-gida. Galibi akwati ake saka wa mutum takardarsa a ciki, akwatin da ake rubuta wa B.P. da lamba. Ma'aikatu da kamfanoni da manyan ƴan kasuwa suna da irin wannan akwati. Manomin Yekuwa da makiyayin Guci ba su da shi.

Takardar ƙauye tana da tata hanya. Ana ba direba a tasha. Direba ya ba ɗan kabu-kabu. Ɗan kabu-kabu ya ajiye wurin mai tebur ko ƙofar mai gari. Wani yaro ya ƙarasa da ita. Takarda ɗaya tana iya ratsa hannu huɗu ko biyar. In ta isa, sau da yawa mai ita bai iya karatu ba. Sai ya kai wa malamin makaranta, ko liman, ko ɗan lakkol, a karanta masa da ƙarfi. Mutane kuwa suna zaune suna ji.

To, ga tambayar da ta fi kowace: in mutanen hanya sun karanta takardar nan, riba ce ko asara? In riba ce, a aika da kati. In asara ce, a rubuta wasiƙa.

INDA KATI YA FI

Akwai maganar da mai ita yake so duniya ta ji. Mai kantin kayan noma ya samo irin shuka da taki kafin ruwan farko. Mai sayar da dusa da gishirin dabbobi ya sauke kaya a tsakiyar bazara. Masu rake na fadamun Ƙorama sun fara sara. Maƙeri ya ƙera garmar shanu da amalanke. Tela ya sake rumfa. Duk wannan labari ne na fili.

A nan rashin ambulan riba ne. Direba ya karanta, ya gaya wa fasinja. Mai tebur ya karanta, ya gaya wa masu shan shayi. In an karanta wa mai katin a bakin masallaci, mutum goma sun ji. An aika wa mutum ɗaya, gari ya samu.

Kati kuma ba ya jiran a buɗe shi. Yana shiga aljihu, yana shiga hula. Ana iya soke shi a jikin rumfa ya yi wata guda. Wanda bai daɗe da fara karatu ba yana jin daɗinsa, don maganarsa kaɗan ce. Layi biyar manya sun fi masa shafi cike da ƙananan baƙaƙe.

Amma kati ba ya ɗaukar dogon bayani. Abu ɗaya ake tallatawa a kati ɗaya. Wanda ya cusa taki da sabulu da takalmi da maganin ƙwari wuri ɗaya ya ɓata takardarsa.

INDA WASIƘA TA FI

Akwai kuma maganar da ba a yi a kasuwa. Ta farko ita ce bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai kanti ya ba manomi taki da damina, za a biya da kaka. Kaka ta wuce, ba a biya ba. In mai kanti ya rubuta tuni a kati, duk wanda ya riƙe shi ya san wane yana da bashin jika goma sha biyar. Ko an biya, an ɓata. Mutumin nan ba zai sake taka kantin ba, danginsa ma haka. Wannan ba a nan kaɗai aka san shi ba. A Amurka, dokar 1977 ta hana kamfanonin da ake ɗauka su karɓo wa mutane bashi su yi tuni da kati.

Ta biyu ita ce rangwame. In za a rage wa tsohon abokin ciniki kuɗi don ya daɗe yana saye, a rufe maganar. In ta fita, kowa zai ce shi ma haka.

Ta uku ita ce neman sabon babban mai saye. A ce ƙungiyar gama kai ta tara buhun riɗi ɗari, tana neman ɗan kasuwa a Damagaram ko Maraɗi ko Kano. Mutumin nan bai san ƙungiyar ba. Yana so ya san su wane ne, buhu nawa, wane iri, an sheƙe ko da ƙasa, a wane magaza yake, wa zai biya kuɗin mota. Layi biyar ba za su ɗauki wannan ba. Ga shi kuma wasiƙa tana nuna girmamawa. An kira shi da sunansa, an gaishe shi, shugaba ya sa hannu, an buga hatimin ƙungiya. Har ana iya ƙulla ɗan riɗi a leda a sa cikin ambulan, don gani ya kori ji. Irin wannan mai saye sau da yawa yana da akwati a gidan waya, saboda haka ana iya liƙa tambur a aika masa kai tsaye.

Ta huɗu ita ce yarjejeniya. An ba da kafin alƙalami. An ba makiyayi shanu ya tafi da su arewa da damina. An yi alkawarin kawo mai lita hamsin kowane wata. Duk wannan a rubuta shi kashi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, da rana da shaidu.

Abu ɗaya ne ba a sawa cikin wasiƙa: kuɗi. A aika da su ta manda a gidan waya, ko ta gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, a karɓi rasit. Lambar karɓar kuɗi kuwa ba a rubuta ta a kati ko kaɗan.

MAKIYAYI MA YANA DA RABO

Mai kiwon turka ya san watan da layya za ta zo. Wata guda kafin sallah yana iya aika kati ga mutanen da suka saya wurinsa bara: akwai raguna, ana iya zuwa a gani. Kuɗin kowane rago kuwa a bar shi sai an zo, don tayi da albarka da sallama a baki ake yinsu.

Amma a yi hankali. Kada a rubuta a kati yawan shanun da ke garke, ko inda suke kwana, ko ranar da za a dawo daga kasuwar Maigatari ta Alhamis da kuɗi a aljihu. Ba kowane mai karatu ne mai saye ba. Maganar da ke tsakanin makiyayi da dillalinsa, da la'adar da suka shirya, ta wasiƙa ce.

FARASHI DA RANA

Ƙasar nan bakin iyaka ce. Daga Tinkim an kusa shiga Baɓura. Kuɗi biyu ke yawo a kasuwa, sefa da naira, canji kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Iyaka ma takan rufe. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Duk lokacin da haka ta faru, kuɗin kaya yakan juya cikin ƴan kwanaki.

Takarda kuwa ba ta juyawa. Abin da aka rubuta yana nan. Mutum yana iya zuwa bayan wata biyu da kati a hannu, ya ce ga abin da kuka rubuta. In an hana shi, ya ce an yaudare shi. In an ba shi, an faɗi.

Maganin wannan abu uku ne. A rubuta ranar da aka yi takardar. A faɗi irin kuɗin, sefa ne ko naira. A faɗi ranar da farashin zai ƙare. In kaya masu saurin tashi ne, kamar hatsi da bazara, gara a bar farashi, a ce kawai akwai kaya.

A YI LISSAFI

Farar takarda irin ta ofis, in an yanka ta huɗu, tana ba da kati huɗu. Ana rubuta maganar sau huɗu a shafi ɗaya, a kai wa mai fotokopi, a yanka da almakashi.

Ga misali. A ce ƙungiya tana da abokan ciniki 40. A ce buga shafi ɗaya dala 5 ne, ambulan ɗaya ma dala 5. In kati za a yi, shafi 10 sun isa, kuɗinsu dala 50. In wasiƙa za a yi, shafi 40 dala 200, ambulan 40 dala 200, jimla dala 400, watau jika 2. Wasiƙa ta ninka kati sau 8. Ko an sa takarda mai kauri kuɗin kati ya ninka biyu, har yanzu da sauran tazara. Kowa ya sa farashin garinsu ya sake lissafin.

Wannan bai nuna a bar wasiƙa ba. Cikin mutum 40 ɗin nan, wataƙila uku ne ke sayen rabin kayan. Su ukun nan a rubuta musu wasiƙa, kowa tasa daban. Kuɗinsu dala 30 ne kawai. Sauran 37 a aika musu da kati. Ta haka an girmama manya, an sanar da kowa, aljihu bai ji jiki ba.

In ta gidan waya za a aika, a fara zuwa a tambayi kuɗin tambur, don yana bin nauyi da nisa. Katin gidan waya sai da takarda mai kauri, a kuma bar wurin suna da tambur.

KAYEN ABOKAN CINIKI

Takarda mai kyau in ta je hannun da ba ya bukata, banza ta yi. Saboda haka aikin farko shi ne a sayi kaye. Duk wanda ya saya, a rubuta sunansa, garinsu, abin da ya saya, watan da ya saya, da wanda ake ba saƙonsa. Wanda ya taɓa saye ya ji daɗi ya fi baƙo goma saurin dawowa.

A lura da lokaci kuma. Katin irin shuka ya isa kafin ruwa ya sauka. Katin buhunan zuba amfanin gona ya isa kafin girbi. Wanda ya makara ya yi wa wani talla.

Akwai dabarar sanin ko takarda ta yi aiki. A rubuta a ƙasan kati cewa wanda ya zo da shi za a yi masa gyara. Sai a riƙa tara katunan da suka dawo. An aika 37, nawa suka dawo? Daga wane gari? Ta hannun wane direba? Bayan karo biyu ko uku mai sana'a zai san inda kuɗinsa ke haihuwa da inda suke mutuwa.

YADDA AKE RUBUTAWA

A rubuta da rubutun da mai karɓa ya iya. Mutane da yawa a ƙasar nan sun fi gane ajami. Ana iya sa boko a sama, ajami a ƙasa. Ma'aikata ko kamfani kuwa wani lokaci sai da Faransanci. A nemi wanda ya iya, amma a sa ya fassara abin da ya rubuta kafin a sa hannu.

Kati ya amsa tambaya biyar: wa ke magana, me ke akwai, ina, yaushe, yaya za a same shi. Ga misali:

Daga ƙungiyar mata masu man gyaɗa.
Akwai sabon mai da ƙuli-ƙuli.
Kowace ranar kasuwa, gabas da tasha.
Daga yau har ƙarshen wata.
Wanda ya zo da katin nan yana da gyara.

A ƙara rana da lambar salula. A zana ƴar jarka ko rago ko buhu a gefe, don wanda bai iya karatu ba ya gane.

Wasiƙa kuwa tana farawa da gari da rana, sai sunan mutum da girmansa, Alhaji ko Hajiya ko Malam. Bayan gaisuwa a shiga magana kai tsaye. A faɗi yawan kaya da gaskiya. In buhu tamanin ne, kada a ce ɗari. A faɗi abin da ake so ya yi, da ranar da ake jiran amsa. A rufe da haza wassalam, a sa hannu. A ajiye kwafi ɗaya a gida.

TO, SALULA FA?

Yau saƙon murya na WhatsApp ya fi mota sauri. Gidajen rediyon karkara suna karɓar sanarwa. Mai shela ma yana nan. Duk suna da amfani, mai sana'a ya haɗa su da takarda. Ana iya ɗaukar hoton kati a tura wa ɗan sari a Yamai. Ana iya aika wasiƙa, bayan kwana uku a kira a ji ko ta isa.

Amma ka'idar ba ta sake ba. Saƙon da aka jefa cikin gungun mutane a salula kati ne, kowa yana ji. Wanda aka tura wa mutum ɗaya ma yana iya tura wa wani. Ga shi salula tana ɓacewa, caji yana ƙarewa, saƙo yana gogewa. In gardama ta kai gaban mai gari, takarda mai rana da sa hannu da shaidu ita ake shimfiɗawa.

AMBULAN BA YA ISA

Akwai abin da ya rage. Wasiƙa tana riƙe asiri a hanya. Amma in ta isa aka kai wa wani ya karanta, ta koma kati. Saboda haka mai aikawa ya san mutumin da yake rubuta wa. In bai iya karatu ba, kuma maganar mai nauyi ce, gara a je da ƙafa, ko a aika da amintacce ya karanta masa su biyu.

Ƙasar Magarya ta taɓa ganin amfanin wannan. A zamanin cinikin gyaɗa, bayan an kafa UNCC a 1962, manoman wannan yanki suna cikin waɗanda suka fara riƙe kasuwannin gama kai da kansu. Su ke awo, su ke rubuta nauyin buhu da kuɗin kowa. Wanda ya iya karanta lambar sikeli ba a cutarsa. Haka yake har yau. Manomi ko makiyayin da ke karanta wasiƙarsa da kansa shi kaɗai ya san bashinsa, shi kaɗai ya san ribarsa.

Wanda zai aika da takarda ranar kasuwa mai zuwa, kafin ya miƙa wa direba, ya sake karanta ta sau ɗaya. Ya ɗauka ana karanta ta da ƙarfi a tsakiyar tasha. In ransa ya yi daɗi, ya aika ta a buɗe. In gabansa ya faɗi, ya sayi ambulan.